Yadda za ka gyara burauzar wayarka ta rage shan data, ta kuma riƙe maka sirri

Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu a karkarar Jigawa ba masu su ne suka saita su ba. An sayo waya a Farm Centre ta Kano, ko a rumfar masu waya ranar Lahadi a kasuwar Gujungu, yaron shago ya kunna ta, ya buɗe imel da sunan da ya zo masa baki, ya tura wa'azi da waƙoƙi, ya miƙo. Daga nan sai yawo: ta kwana wurin mai caji, ta wuni hannun yara, maƙwabci ya ara ya duba sakamakon jarrabawar ɗansa. A duk wannan zirga-zirga, manhajar da aka fi bari sakaka ita ce burauza, wadda ake buɗe shafukan intanet da ita: Chrome, Opera Mini, Firefox, ko Phoenix da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Ta nan ake cike fom, ta nan mahaɗin da aka turo a WhatsApp yake buɗewa, ta nan kuma data take zurarewa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ka nemi inda sabis ke da ƙarfi, cajinka ya haura rabi, ka zauna. Rubutun da ke kan waya da Turanci yake, don haka zan riƙa kawo shi yadda za ka gan shi, ko da yake yakan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Na fi ba Chrome ƙarfi saboda kusan kowace wayar Android tana da shi.

Imel ɗin wa ke kan wayar?

Da wannan za a fara, domin in ba a gyara shi ba sauran aikin banza ne. Buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan da ke sama ta hannun dama, shiga "Settings". A can sama za ka ga suna da adireshin imel. Tambayi kanka: na san kalmar sirrinsa? Wa kuma ya san ta bayan ni?

Dalilin tambayar shi ne, abin da Chrome ya adana maka, daga kalmomin sirri har jerin shafukan da ka shiga, yana iya tafiya cikin wannan asusu na Google. Wanda ya san kalmar sirrin ba ya buƙatar wayarka ta shiga hannunsa. Daga tasa wayar zai shiga ya gani. Yaron shagon da ya buɗe maka mai yiwuwa mutumin kirki ne, amma galibi kalma ɗaya yake sa wa kowa, ko ya sa lambar wayar mutum kawai.

Fita ka shiga "Settings" na wayar kanta, nemi "Google", sannan "Manage your Google Account", sannan "Security". Abu huɗu za ka yi a nan. Canza kalmar sirri, ka haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna, ka ƙara lambobi; ban da shekarar haihuwa, ban da sunan 'yarka, ban da lambar layinka. Duba lambar wayar da aka sa don dawo da asusu in an manta, ka tabbata taka ce. Kunna "2-Step Verification", yadda ko wani ya san kalmar sai an nemi amincewarka. Sai ka duba jerin na'urorin da ke cikin asusun, duk wadda ba ka gane ba ka fitar da ita. Rubuta sabuwar kalmar a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gona, ba a bayan rigar waya ba.

Ka sa wa fuskar waya lambar kulle, in ba ta da ita. In za ka kai caji, kashe ta gaba ɗaya kafin ka miƙa. Ta fi saurin cika ma.

Sabuntawa

Google na fitar da sabon Chrome a kai a kai, kuma cikin abin da sabon ke zuwa da shi akwai toshe kafofin da aka gano 'yan damfara na iya bi. Matsalarmu a ƙauye ita ce Play Store yakan zo a saite kan kada ya sabunta komai sai an samu Wi-Fi. Wanda bai taɓa haɗa wayarsa da Wi-Fi ba, sai ya shekara biyu da tsohuwar burauza bai sani ba. Don haka da hannu za ka yi: buɗe Play Store, rubuta Chrome, in ka ga "Update" ka danna. Sau ɗaya a wata ya wadatar. Ka bar shi sai ranar da ka shiga Gumel ko Haɗeja inda sabis ya fi tsayawa, ko ka yi da datar dare mai araha.

Akwai wayoyin da aka daina yi musu sabon Chrome. Tun daga watan Agustan 2025, sabbin fitowa suna buƙatar Android 10 ko sama. Duba "About phone" ka ga lambar taka. In 8 ce ko 9, burauzar za ta ci gaba da buɗe shafuka, amma ni ba zan shigar da bayanan banki a cikinta ba.

Kada ka karɓi burauza ta Xender daga wayar wani, ko daga kwamfutar masu tura fina-finai. Ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba. Haka nan ka rubuta "Install unknown apps" a wurin bincike na "Settings", ka shiga, ka hana Chrome da WhatsApp da sauran su damar girka manhaja daga waje. Da wannan kaɗai ka tsallake tarkon shafukan da ke sauke maka manhaja ba ka nema ba.

Saƙonnin nan da ke faɗowa ba dare ba rana

Wannan ne ƙorafin da na fi ji. Waya ta yi ƙara, a duba, a ga jan rubutu wai ƙwayar cuta ta kama ta, ko wai an ci kyauta, ko hoton da mutum ba zai so iyalinsa su gani ba. Mutane da yawa sukan ɗauka wayar ce ta lalace, har su biya kuɗi a yi mata filashin.

Ba lalacewa ta yi ba. Wata rana an shiga wani shafi, wataƙila neman sakamakon ƙwallo ko sauke waƙa, sai ƙaramin akwati ya fito da zaɓi biyu, "Allow" da "Block". Wasu shafukan har ƙarya suke yi, su ce sai ka danna "Allow" bidiyo zai buɗe, ko don a tabbatar kai mutum ne. Da an danna, an ba shafin izinin turo saƙo duk lokacin da ya ga dama, ko da burauzar a rufe take. Saƙon da ke cewa wayarka ta kamu talla ce kawai. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarka ya gano cuta. Abin da ake so shi ne ka tsorata ka danna.

Ga maganin. A Chrome shiga "Settings", gangara zuwa "Site settings", taɓa "Notifications". Za ka ga jerin shafukan da aka ba izini. Bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba ka san shi ba ka cire masa izinin. Ni nawa ra'ayin, kashe maɓallin gaba ɗaya ya fi, musamman a wayar dattijo ko ta uwar gida da yara ke ɗauka. Ban ga labarin da zai wuce mutum don shafi bai turo masa sanarwa ba. In kuma saƙon ya sake faɗowa, ɗora yatsa a kansa ka riƙe, wayar za ta nuna maka manhajar da ta kawo shi.

Kana nan cikin "Site settings", duba "Pop-ups and redirects" ka tabbata a toshe yake. Shi ke hana shafi ya jefa ka wani shafin da ba ka nufa ba. "Location", "Camera" da "Microphone" kuma ka bar su kan sai an tambaye ka, ka share izinin da aka riga aka bayar ba dalili.

Koma baya ka shiga "Privacy and security", sannan "Safe Browsing". Zaɓi uku ne, amma biyu ne abin dubawa. "Standard protection" shi ne na asali. "Enhanced protection" ya fi saurin gane sabon shafin damfara, amma sharaɗinsa shi ne ana aika wa Google ƙarin bayani kan shafukan da kake shiga. Kowa ya auna. Ga mutumin da kullum ana turo masa mahaɗin tallafi a zauren WhatsApp na 'yan unguwa, ni "Enhanced protection" zan zaɓa masa. A wurin dai ka kunna "Always use secure connections".

Wani lokaci ɓarnar ba a data take ba, a kati take: an danna wata talla, an shigar da layi cikin wani tsari da ke cire kuɗi kullum. Danna *305# ka ga abin da ke kan layinka ka tsayar da shi. Saƙonnin talla na tes kuma, tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware don haka.

Karanta adireshi

Duk abin da na faɗa a sama saiti ne, ana yi sau ɗaya. Wannan kuwa sabo ne, kuma ya fi su duka amfani.

An daɗe ana gaya wa mutane cewa in sun ga hoton kwaɗo kusa da adireshi, shafin amintacce ne. Ba haka ba ne, kuma rashin fahimtar nan na daga cikin abin da ya sa Chrome ya cire hoton kwaɗon a 2023 ya sa wata alama. Kwaɗon nan kamar ɗinkin bakin buhu ne: yana nuna ba wanda ya zura hannu a hanya, amma ba ya gaya maka ko riɗi ne a ciki ko yashi. Ɗan damfara ma yana iya samar wa shafinsa kwaɗo kyauta.

Abin dubawa shi ne sunan da ke can sama. Taɓa wurin adireshi don ya fito cikakke. Tsallake https da layuka biyun da ke biye da shi, ka bi rubutun har ka iso layin karkace (/) na farko. Abin da ke daf da wannan layi ta hagu, shi ne ainihin mai shafin. Shafin hukumar JAMB yana ƙarewa da jamb.gov.ng, na hukumar katin ɗan ƙasa kuma nimc.gov.ng. Ƙarshen nan na gov.ng na hukumomin gwamnati ne. To, a ce ka ga wani abu mai kama da jamb.gov.ng.rijista-kyauta.xyz, wanda na ƙirƙira don misali. Farkonsa daidai, amma ƙarshensa ne ke magana, kuma ƙarshen ba na JAMB ba ne. Haka suke sauya harafi ɗaya a sunan banki, ko su sa sifili a madadin harafin o.

Wani kawuna da ke harkar zoɓo a Maigatari ya taɓa nuna min irin wannan shafi na rabon takin zamani, ya ce, "Ɗana, ai ga tambarin gwamnati nan a kai." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, tambari hoto ne, yaro ma zai iya kwafo shi. Mu duba sama." Ko alamar gov.ng babu.

Akwai alamomin da ba sai ka iya Turanci ba za ka gane su. Shafin da ya ce sai ka tura wa zaure biyar ko mutum goma kafin a ba ka data kyauta. Shafin da agogo ke gudu a kansa wai saura minti kaɗan a rufe. Shafin da ya nemi lambar katin ATM da lambobi ukun bayansa, ko lambar sirrinka, ko lambar nan ta OTP da banki ke turowa. Mai ba ka kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata; mai neman waɗancan cira zai yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. BVN da NIN ma kada ka zuba su a shafin da ya zo maka ta WhatsApp.

In ka yi bincike a Google, sakamakon da ke sama mai ɗauke da kalmar "Sponsored" talla ce da aka biya, ba lallai shi ne shafin gaskiya ba. Hanya mafi sauƙi: ranar da ka tabbatar da shafin gaskiya, taɓa ɗigo uku ka danna tauraro don ka adana shi, ko ka zaɓi "Add to Home screen" ya zauna a fuskar waya. Daga ranar ta nan za ka riƙa shiga.

Rage shan data

Masu neman "Lite mode" a Chrome su daina wahala, an cire shi tun 2022. Amma da sauran dabaru. Buɗe sabon shafi, za ka ga labarai da hotuna jere a ƙasa ƙarƙashin "Discover". Taɓa alamar da ke gefensa ka kashe. A "Privacy and security" nemi "Preload pages" ka zaɓi "No preloading", don ya daina ɗauko shafukan da yake zaton za ka shiga. Shafin da kake son karantawa a gona ko inda babu sabis, taɓa ɗigo uku ka danna kibiyar da ke kallon ƙasa, zai sauka ya zauna a "Downloads".

Opera Mini kuwa a nan ta yi fice, shi ya sa ta daɗe a hannun mutanen karkara. Shiga "Data savings", za ka ga "High" da "Extreme", ga kuma maɓallin toshe talla. A "Extreme", shafi yana fara biyawa ta na'urorin kamfanin Opera, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sannan su miƙo maka. Shi ya sa take buɗewa ko sabis sanda ɗaya ne. Amma wannan biyawar tana nufin akwai na uku tsakaninka da shafin, kuma fom mai sarƙaƙiya yakan ƙi aiki daidai. Don haka shawarata burauza biyu: Opera Mini don labarai, farashin kaya da ƙwallo, Chrome da aka sabunta don duk abin da ya shafi kuɗi, makaranta ko takardun hukuma.

Wanda wayarsa ke da wuri yana iya sa Firefox. Ta fi Chrome na waya da abu ɗaya: tana karɓar ƙananan manhajojin ƙari. Shiga "Extensions" ka girka uBlock Origin, tallace-tallace da yawa za su ɓace, shafi ya yi sauƙi. Ka tsaya a guda ɗaya ko biyu, domin kowace manhajar ƙari tana iya ganin abin da kake yi a shafi. Kafin gyara da bayansa danna *323# ka riƙa duba ragowar datarka, za ka ga bambancin da idonka.

Don idon dattawa

A "Accessibility" akwai wurin ƙara girman rubutu. Ja shi har mai wayar ya ce ya isa. A "Theme" zaɓi "Dark" don karatun dare. Shafin Turanci kuma, taɓa ɗigo uku, danna "Translate", zaɓi Hausa, wadda Google ya sa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013. Tana isa a fahimci labari. Umarnin shan magani ko haɗin maganin feshi kam, a nemi wanda ya sani ya karanta.

Wayar da ake aro

In za ka ba wani aro ya duba wani abu, buɗe masa "New Incognito tab". Da an rufe, wayar ba ta riƙe tarihin inda ya shiga, kuma a cikin wannan shafin ba zai tarar da asusunka a buɗe ba. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ɓoye ka daga kamfanin layi ko daga shafin da ka shiga, ba ya hana damfara, kuma abin da aka sauke yana nan.

Ga gidan da yara ke ɗaukar waya, kunna "SafeSearch" a saitin binciken Google. In Android ɗinka 9 ce ko sama, rubuta "Private DNS" a wurin bincike na "Settings", zaɓi wurin da ake rubuta suna, ka sa family.cloudflare-dns.com. Wannan yana toshe yawancin shafukan batsa da na cutar da waya. Ba ya tace abin da ke cikin TikTok ko WhatsApp, kuma in wata rana intanet ya ƙi tafiya, mayar da shi "Automatic" ka gwada.

Lokaci-lokaci ka shiga "Delete browsing data" ka share "Cached images and files" in wuri ya cika. In ka haɗa da "Cookies", za a fitar da kai daga shafukan da ka shiga, don haka ka tabbata kana tune da kalmomin sirrinka.

A kafe, da kuma in an riga an faɗa

Rijistar jarrabawa da neman aiki sukan kai mutum kafe a Dutse, Kazaure ko Ringim. Kwamfutocin wasu wuraren har yanzu Windows 7 ce a kansu, wadda Chrome ya daina sabunta kansa a kai tun farkon 2023. Kada ka buɗe banki a irinsu. In dole ka shiga imel, danna Ctrl da Shift da N tare don shafin sirri ya buɗe, ka rubuta kalmar da hannunka maimakon ka faɗa wa mai kafe da ƙarfi. In akwati ya fito yana tambaya ko a adana kalmar, ƙi. Da ka gama, fita daga asusun, rufe shafin, sannan ka roƙi a goge hoton fasfo da takardar NIN ɗinka daga kwamfutar a gabanka, har da kwandon shararta.

In kuma ka riga ka zuba bayanan katinka a shafin da daga baya ka gane na bogi ne, kada ka jira wayewar gari ko ranar kasuwa. Bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko kati, wasu ma daga wayar wani ana iya yi. Kowane banki da tasa, don haka ka tambayi taka tun yanzu a reshe, ko ka duba bayan katinka ka kwafi lambar kiran su, ka rubuta a takardar nan da ka ajiye kalmar sirri. Bayan rufewa, canza kalmar sirrin imel, ka canza ta duk wani shafi da ka yi amfani da irinta, sannan ka je banki da katin shaidarka a ba ka sabon kati. Ka kuma koma zauren da aka turo mahaɗin ka sanar, domin wanda ya turo maka shi galibi shi ma ya riga ya cike.